Ƙasar da ke Ƙarƙashin Randunan Baba

Shekarar da na daina dangwala babban yatsa a takarda, na fara rubuta Salihu da hannuna, ita ce shekarar da numfashi ya fara yi wa Inna wuya. Da rana ina ɗinkin katifa a rumfata ta bakin kasuwar unguwarmu a Alsawra, ƙasar Sudan, bayan la'asar in tafi harabar masallaci, inda wani ɗalibi mutumin Damagaram, Malam Nuhu, yake koya wa manya irina baƙi da wasali. Shi ya nuna mana cewa Hausar da muke yi a gida ita ma tana kwanciya a takarda kamar Larabci. Da abin da ya koya mini nake rubuta muku wannan, Zainab da Mustafa, tun da yaƙi ya hana mu zama wuri ɗaya, hirar waya kuma ba ta ɗaukar dogon zance. Na san abin da kuka riƙe game da ni da baffanku Haruna a wannan shekara. Kuna ƙanana kuka ga ya zo da alheri a mota, kuka ga na tare masa hanya, kuka ga ya juya. Na ji labarin Mustafa ya taɓa ce wa uwarku hassada ce. Ban ji haushi ba, abin da ido ya gani ke nan. Sauran labarin yana binne a ƙasa, a ƙofar gida, shi nake so in tono muku.

Kakarku, da kuke kira Haboba, tun tana yarinya take tsinkar auduga a gonakin Jazira. Ƙurar auduga da maganin feshi sun zauna mata a ƙirji, sai da tsufa ya zo suka taso. Da sanyin shekarar nan ta kai ba ta iya zuwa bakin famfo sai ta tsaya ta dafa bango. Likita ya ce huhun ya gaji, babu abin da zai mayar da shi sabo, amma akwai inji mai tace iska ya ba ta ta hanci, in an samu za ta zauna a gida cikin 'ya'yanta. Baffanku ne ya nemo shi. Ya taɓa jarin shagonsa na Kasuwar Libiya, ya bi mutane har aka kawo masa shi daga Masar. Ku rubuta wannan a ranku kafin komai: numfashin da Haboba ta yi a shekarunta na ƙarshe, bayan Allah, daga hannun Haruna ya fito. Injin bai fi ƙaramin akwati ba, yana da tayoyi, yana gurnani a hankali kamar kyanwa mai barci, siririn tiyo ya fito daga cikinsa zuwa hancinta. Tare da shi akwai tukunyar iska ta ƙarfe, wadda ake juya ta a kai idan an ɗauke wuta. Tukunyar ba ta daɗewa, kuma sai an haye gada an kai ta can wajen Alsahafa ake cika ta. Injin kuwa guda ne, babu na biyu, kuma mun san in ya lalace ba mu da hanyar wani.

Inna ba ta taɓa kiran sunan Haruna ba, ɗan fari ne, kunya ba ta barin ta. Mai kasuwa take ce masa. Ranar da aka kunna injin ta ja iska ta cika ƙirji, ta dube shi ta gefen ido, ta ce da ni:

"Sale, ka gaya wa Mai kasuwa abin nasa yana da ƙara."

Shi kuma ya fita tsakar gida yana share ido da gefen rawani. Godiyarta ke nan, kuma ya ji ta.

Kun san halin wutar unguwarmu. Tafiyarta ba ta ba mu tsoro, mun saba. Dawowarta ce masifa, takan dawo da ƙarfi ta fasa ƙwayayen wuta ta ƙona fanka. Shi ya sa kowane gida da an ɗauke wuta sai a bi ɗaki ɗaki ana zare wayoyi daga bango, haka ma in hadari ya taso da tsawa. Wannan dabarar ta ishi talabijin da rediyo. Amma injin Inna ba a zare shi don an ga hadari, kowane zarewa daga numfashinta ake ragewa. Wannan tunanin ya hana ni sakewa, har na je na ɗauko Usta Attayib, maƙwabcinmu na bayan gida, Balarabe da ya tsufa a gyaran wuta, wanda duk Hausarsa ba ta wuce sannu da kawo shayi ba. Ya zagaya gidan yana kallon wayoyin da ke rataye a jikin bango.

"Ya Salihu, wa ya ja muku wayar gidan nan?"

"Marigayi Baba ne da wani abokinsa."

"Allah ya jiƙansu su biyun. Mutane ne masu tawakkali ƙwarai."

Ya zauna a bakin gadon igiya ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce abokan gaba biyu ne. Na farko wutar da ke dawowa da ƙarfi, ita maganinta munazzim, akwatin nan da ke daidaita wuta, ya riƙe ta na ɗan lokaci sai ta natsu ya sake ta. Na biyu tsawa. Ya ce ba sai ta faɗo a kan gidanka ba, ko a kan turken wuta na can ƙarshen layi ta sauka, sai ta bi waya ta shigo kowane ɗaki.

"Kamar ɓarawon da aka biyo ne," in ji shi. "Ba kaya yake nema ba, ƙofar fita yake nema, kuma ƙofarsa ƙasa ce. In ka buɗe masa sai ya wuce. In ba ka buɗe ba, ta cikin injin tsohuwa zai bi."

Ya kawo wani ɗan abu da bai fi gidan ashana biyu ba, ya ɗaura shi a cikin akwati a bangon ɗakin Inna. Ya ce aikinsa ya tari tsawar ya tura ta cikin wata waya mai kauri zuwa sandar jan ƙarfe da za a kafa a ƙasa, ko da shi zai ƙone. Inna tana kwance tana saurare, ta ce, "To, maigadi ne ke nan." Sunan da ya bi shi ke nan a gidanmu. Sai dai Usta ya ce busasshiyar ƙasa ƙofa ce a kulle, sandar tana son danshi rani da damina. Ya ɗauki rodi ya bi gidan yana soka ƙasa. Tsakar gida tsakuwa ce mai tauri, baya kuma ramin banɗaki ne. Da ya fito ƙofar gida ya soka a ƙarƙashin randuna, rodin ya nutse kamar a cikin tuwo. Ya yi dariya ya ce Baba ya gyara kuskurensa na jan waya tun kafin ya yi shi.

Randunan nan biyu, da a nan muke ce wa zir, Baba ne ya ajiye su a kan ƙafar ƙarfe a gindin darbejiya tun lokacin da muka taso daga Jazira, domin duk mai wucewa ya sha. Bayan rasuwarsa suka zama sadakarsa, Inna ke cika su da hannunta har ta kwanta. Randa ba ta daina tsatsa, dare da rana tana ɗiga, shekara da shekaru ƙasar wurin ba ta taɓa bushewa ba. Ɗakin Inna kuma bayansa ne a titi, tagarta na kallon randunan, don haka wayar ba za ta yi nisa ba. Muka haƙa rami a wurin, aka zuba gawayi da gishiri, aka buga sanda wadda ta fi ni tsawo har ta ɓace, aka mayar da ƙasa. Usta ya wanke hannu da ruwan randar ya ce sharaɗinsa biyu ne, kada wurin ya bushe, kada a rufe shi da siminti.

Saura munazzim. Guda ɗaya ne a gidan, yana jikin firizar uwarku Asha. Da firizar nan Asha take daskarar da dandurma, ruwan tsamiya da na kuka da zoɓo a 'yan ledoji, tana sayar wa 'yan makaranta, da shi ake sayen littattafanku da sabulu. Haruna ya riga ya yi abin da ya fi ƙarfinsa, ban ga fuskar da zan koma masa da wata buƙata ba, ni kuma katifa ba ta tafiya a lokacin. Ban yi wa Asha maganar ba. Tana tsakar gida ta ji bayanin Usta, sai ga ta ta shigo ɗakin rungume da munazzim ɗin, ta ajiye a gefen injin.

Na ce, "Firizarki fa?"

Ta ce, "Dandurma ba ta numfashi."

Duk wannan an yi shi baffanku yana Bur Sudan wajen sauke kaya. Da ya dawo na ce masa Usta ya gyara wutar ɗakin Inna, ya ce madalla, zance ya wuce. Ana saura kaɗan azumi, zafi ya kai inda ya kai, ranar Juma'a bayan an sauko, sai ga shi da mota a ƙofar gida. A bayanta akwai injin sanyaya ruwa sabo fil, yana ƙyalli, mai famfo uku, da buhunan siminti, da magini. Nufinsa ya kwashe randunan, ya shafe ƙofar gidan da siminti, ya kafa injin a cikin keji, mutane su sha ruwan sanyi da azumi, lada ta kai wa Baba. Niyya ce mai kyau, har yau ban ga aibinta ba. Maƙwabta suka taru suna sa albarka. Fuskarsa cike da fara'a ya ce:

"Sale, a kwashe tukwanen nan. Baba ya gama ba mutane ruwan laka."

"Yaya, mu shiga ciki, ina da magana."

"Rana na tafiya, magini na jira. Faɗi a nan."

Usta Attayib ya tafi garinsu a arewa wajen rasuwa, babu mai tsaya mini. Ni kuma bakina ba ya gudu, tun ina yaro in mutane suka zuba mini ido magana takan rikice mini. Na ce akwai ƙarfe a binne a wurin, na injin Inna ne, yana son danshi.

"Ƙarfe yana son danshi? Tsatsa yake sha'awa?"

Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi. Na sake gwadawa, na kawo zancen tsawa da ɓarawo da ƙofa, amma a bakina sai ya fito kamar tatsuniya. Ya ce in ruwa ƙarfen yake so a bar masa ɗan rami a zuba masa da bokiti. Na ce bokiti sai an tuna, randa kuwa ba ta mantuwa, kuma injin sanyin daga bangon Inna zai ja wuta. A nan fara'arsa ta ɗauke.

"Tun da ka fara abacada a masallaci ka zama injiniya. Wa ya kawo injin da kake tsaro?"

"Kai ne, Yaya."

"To ni ne zan cuce ta?"

Magini ya matso zai ɗaga randa. Ban san lokacin da na kama ƙafar ƙarfen da hannu biyu ba. Ku sani, tun da nake ban taɓa ce wa Haruna a'a ba. Shi ya riƙa goya ni yana haye magudanan Jazira, shi ya kai ni wurin mai katifar da ya koya mini sana'a, shi ya tsaya a matsayin uba ranar ɗaurin aurena da uwarku. Na sunkuyar da kai na ce ya yi haƙuri, a kai injin masallaci, ladar Baba ɗaya ce. Ya daɗe yana kallona, mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

"Ashe gidanka ne," ya ce. "Na manta."

Ya sa aka mayar da simintin mota. Injin sanyin yana nan a wani masallaci kusa da shagonsa, na sha ruwansa daga baya, yana da daɗi.

Bai yanke Inna ba. Tukunyar iska takan zo a cike a raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, da dabino da sukari, yana kiran ta a waya. Amma ƙafarsa ba ta ƙara tsallake dokin ƙofar ba. Aka yi azumi babu shi a tabarmar buɗa baki da muke shimfiɗawa a titi, maƙwabta suna kallon gurbinsa. Ranar ƙaramar salla ya zo da iyalinsa, matarsa da yara suka shiga, shi ya tsaya a titi ya gaishe da Inna ta taga, kafaɗarsa tana gogar randar. Na fito na miƙa masa hannu, ya ba ni yatsu. In na dawo da yamma Inna takan tambaye ni ko kasuwa lafiya, alhali ta san ba kasuwarmu ɗaya ba. Sau da yawa ina cikin cusa auduga a katifa sai in tambayi kaina, in tsawar nan ba ta taɓa zuwa ba fa? Na ba da ɗan uwa a kan ƙarfen da ko ganinsa ba na yi.

Ana nan, bayan salla, wata safiya na sunkuya zan ɗebi ruwa, sai na ga ƙasar ƙarƙashin randunan ta yi fari ta tsattsage. Kwanoni biyu ne a ajiye, kowane a ƙarƙashin randa, suna tare ɗigon. Na tambayi Asha, ta ce Inna ce ta nema tun cikin azumi, ruwan famfo yana kama mata maƙogwaro. A Jazira ruwan magudana jajir yake, shi ya sa ake tare abin da ya tsatso ta gindin randa, garai kamar hawaye, a ajiye wa baƙo da marar lafiya. Uwarku ta san zancen siminti, amma ba ta kawo a ranta cewa kwano ma rufi ne ba, ni ma ban taɓa faɗa mata ba domin ban yi tunaninsa ba. Na zauna a dokin ƙofa na rasa kuka zan yi ko dariya. Sannan na shiga wurin Inna.

"Inna, kwanonin nan na ƙarƙashin randa."

"Ruwana ne. Shi ma ƙarfen naka ya hana?"

Na yi mata bayani a hankali. Ta gyara tiyon hancinta, sai kafaɗunta suka fara rawa.

"Ka kori ɗan uwanka don ƙasa ta sha ruwa, ni kuma ina nan kwance ina shanye mata."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta yanke hukunci. Randa ɗaya tata ce da kwanonta, ɗaya ta ƙasa ce. Kuma daga ranar duk namijin da ke gidan a gindin randa zai yi alwala, ruwan ɗauraye kofunan shayi ma can za a zuba.

"Mutum yana manta ban ruwa," in ji ta, "amma ba ya manta salla, sai dai in ya ƙi."

Mustafa, dalilin da ya sa ake kora ka waje da buta ke nan, kana gunaguni da Larabci don kada Haboba ta ji, ita kuwa tana ji sarai. Kafin damina ta kankama ƙasar ta koma baƙa, har maƙwabta masu wucewa masallaci suka ɗauki wurin wurin alwala.

Ranar da abin ya zo, tun safe gari ya yi nauyi, ko ganye ba ya motsi. Muna zaune gaban Malam Nuhu bayan la'asar sai muka ga habub, guguwar ƙura, ta taso daga gabas, jan bango daga ƙasa har sama. Ya ce kowa ya nemi gida. Kafin in fita daga layin masallaci ƙura ta rufe ni, a bayanta ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na kusa kwanar gidanmu, haske da ƙara suka zo tare, na ji su har a haƙorana. Turken wutar ƙarshen layi ya yi tartsatsi, reshen darbejiya ya tsage ya faɗo a kan randa ɗaya. Na shiga gida na tarar da warin ƙonanniyar roba. Asha ta ga hadari, ta fara da rufe tagar Inna don ƙura, ba ta kai ga zare wayar firiza ba. Wuta ta tafi. Akwatin bangon Inna ya yi baƙi. Injin ya yi tsit, kuma babu wanda zai ce ko rashin wuta ne ko ya mutu.

Muka juya ta kan tukunya. Allurar da ke nuna sauran iska tana ƙasa da rabi, a ranar ne ya kamata mai raksha ya kawo cikakkiya, ruwa ya tare shi. Titi ya zama kogi, babu motar da za ta kai mu asibiti. Na ɗauki waya. A da sai na kira ɗayanku ya nemo mini lamba, a ranar da kaina na bi sunayen har na ga Haruna, suna na biyu da na koyi karantawa bayan nawa. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Inna?"

"Tana kan tukunya. Tsawa ta faɗi a layinmu, babu wuta."

"Injin fa?"

"Ban sani ba, Yaya."

Ina jin ruwa yana dukan rufin shagonsa. Ya ce yana zuwa.

Muka zauna jira. Inna tana jan carbi, ni ina satar kallon allura tana sauka. Ruwa ya tsagaita, Usta Attayib ya shigo wando a naɗe har gwiwa, ya buɗe akwatin bango ya ce maigadi ya yi shahada. Ya sunkuya ya shinshina injin kamar mai sayen kankana.

"Ba ya warin ƙuna. Amma hanci ba shaida ba ne, sai an ba shi wuta."

Rana ta yi ja, allurar ta kusa kwanciya, numfashin Inna ya fara gajarta domin mun rage ƙarfin iskar don ta ƙara jimawa. Sai muka ji kukan jaki a ƙofa. Baffanku ne a kan karo, amalanken masu ɗebo ruwa, rungume da janaretan shagonsa a cikin leda kamar jariri. Motarsa ta maƙale tun a hanya, masu raksha suka ƙi, ya tare mai jaki. Jallabiyarsa laka har ƙirji, rawani ya tafi. Ya tsallake reshen da ya faɗo, ya tsallake fasasshiyar randa, ya tsallake dokin ƙofa, bai ko dube shi ba. Muka ajiye janaretan a tsakar gida nesa da ɗaki saboda hayaƙi, Usta ya ja waya zuwa munazzim, Haruna ya finciki igiya har ya tashi. Muka shiga ɗaki. Injin bai motsa ba.

Haruna ya dafa bango ya ce, "Ya mutu."

"Jira, Yaya. Munazzim ne, ba ya sakin wuta nan take."

"Sale, kada ka rarrashe ni."

"Ba rarrashi ba ne. Halinsa ne, na zauna da shi."

Muka tsaya, ni da shi da Asha da Usta. Ban san tsawon jiran ba, na san dai na karanta duk abin da na haddace. Sai munazzim ya yi ƙas, koriyar fitila ta kama, kyanwar nan ta fara gurnani. Asha ta mayar da tiyon. Inna ta ja iska sau da yawa ido a rufe, sannan ta buɗe, ta dubi ƙafafun ɗanta na fari.

"Mai kasuwa ya ɓata mini tabarma da laka," ta ce. "Asha, a dafa masa shayi da ruwan kwanona."

Ya zauna a ƙasa a gefen gadonta, ya sha.

Washegari na fito na same shi a tsugune a gindin darbejiya, ya nutsa yatsa a ƙasa. Usta yana cire wayar da ta ƙone. Haruna ya tambaye shi ko sandar ce ta tsare injin. Usta ya ce shi bai ga inda tsawar ta bi ba, abin da ya gani shi ne maigadi ya ƙone, injin bai ƙone ba, kuma duk gidan da ke layin an yi asarar wani abu.

"Da ƙasar a bushe take fa?"

"Wannan sai ka tambayi Allah. Ni dai ba zan so a gwada da uwata ba."

Baffanku bai ce mini ya yi kuskure ba, ni ma ban nema ba, domin ban ga kuskuren ba. Da sandata ce kaɗai, da injin ya tsira ya zauna shiru har tukunya ta ƙare. Da janaretansa ne kaɗai, da ya zo ya tarar da gawar inji. Ya aika aka kawo sabon maigadi da sabuwar randa, ya zauna da kansa ya cika ta, azahar ta yi ya ɗauki buta ya yi alwala a wurin. Inna ta ƙara ganin damina uku a ɗakinta, ta ga saukar Zainab, ta rasu da safe a cikin sanyi, mu biyu muna gefenta, tun kafin yaƙi ya zo. Injin muka ba wani gida a bayan masallaci, tare da munazzim ɗin, na bi su har gida na nuna musu inda za su haƙa.

Ga abin da shekarar ta ci. Firizar uwarku da dandurmar da ke ciki, kuma ba ta sake samun wata ba sai da kuka girma, a tsakani gyaɗa ta riƙa soyawa a bakin makaranta, ban taɓa jin ta ambaci firizar ba. Talabijin. Fankar tsakar gida da ƙwayayen wuta. Maigadi na farko. Reshen darbejiya mafi inuwa. Randa ɗaya daga cikin biyun da Baba ya ajiye da hannunsa. Azumi guda da salla guda babu ɗan uwana a tabarmata. Na sha maimaita wannan ƙidaya ina ɗinki, daga sama zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa sama, ko na manta wani abu. Iyakarta ke nan. Inna ba ta ciki.